Gashin Traudl

Meinrad Kessler ya soka sandar ƙarfen a ƙasa, ya zare, ya matsa gaba kaɗan ya sake sokawa. Can sai sandar ta zurma da kanta, kamar an ja ta daga ciki. Nan hanyar take. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwa ɗaya kafin ɗaya, ya buɗe ramin daidai faɗin tafin hannu, ya kafa tsinke a gefe don shaida. Daga nan ya koma kicin ya sha kofinsa. Haka yake yi kowace safiya tun da ƙanƙara ta narke.

Ɓeran ƙasa, wanda mutanen ƙauyen ke kira Schermaus, ba ya son iska ta shigar masa gida. In ka buɗe hanyarsa ka dawo da hantsi ka tarar an toshe da ɗanyar ƙasa, to mai gidan yana nan. In ka tarar a buɗe, ya tashi ko ya mutu. Shi kansa ba ka ganinsa, sai aikinsa: karas da aka cinye ta ƙasa aka bar maka ganye a tsaye, itacen da ya kwana kore ya wayi gari a langaɓe. Meinrad ya tsufa yana fama da su a lambun bayan gidansa, a ƙauyen nan da ke kan tudu yana hangen tafkin Bodensee, amma bai taɓa jin tsoronsu ba sai bana. Bana hanyoyinsu duk wuri ɗaya suka nufa, wato ɗan itacen tuffa da ke tsakiyar lambun, wanda kaurinsa bai wuce na muciya ba.

Da ya dawo duba ramin, maƙwabcinsa Egon Brugger yana jingine da shinge, sanƙonsa na ƙyalli, ɗan karensa Poldi na shinshina gindin katanga.

"Tsoho, ka gaisa da 'yan hayarka?"

"Me ka ce?"

"Na ce, kurma, ka gaisa da 'yan hayarka!"

"Sun ce a gaishe ka. Wai karas ɗinka ya fi nawa zaƙi."

"Ka zuba musu guba mu huta mana."

"In wannan guntun karen naka ya ci gawar fa? Wa zai riƙa sauraron surutunka?"

Ramin a toshe yake. Meinrad ya cire tsinken.

Shi dama ba mai magana ba ne. Tun yana saurayi ya shiga masana'antar tsaga katako da ke bakin rafi, bai fito ba sai da furfura. Injin ya karɓi rabin yatsansa na hagu, ya kuma riƙa karɓar jinsa kaɗan-kaɗan, har tsuntsaye suka daina kuka a duniyarsa bai san ranar da suka daina ba. Bai damu ba. Magana a gidan ta Traudl ce, ita kuwa ta san kunnen da za ta tsaya kusa da shi.

Edeltraud sunanta, amma ko Fada a coci Traudl yake ce mata. Ita ce mai askin ƙauyen, maza da mata, a ɗakin gaba na gidansu: kujera ɗaya, madubi ɗaya, rediyo a kan taga. Ranar da Meinrad ya fara zama a gabanta, tana 'yar koyo a shagon wani a cikin gari, ta yanke masa kunne da almakashi. Jini ya ɓata masa wuyan riga. Ita ta yi ta kuka, shi ya yi ta ba ta haƙuri kamar shi ya yi yankan. Sati bai cika ba ya dawo, gashin ko tofowa bai yi ba, ya ce a ɗan rage masa. Ta dube shi ta cikin madubi ta ce, "Ɗaya kunnen ka kawo?" Kafin kaka ta zagayo an yi bikinsu.

A wannan yanki kowa ya san gashin mutum yana korar ɓeran ƙasa. Haka aka taso aka ji: ka cusa a rami, ya ji warin ɗan Adam, ya kwashi iyalinsa ya bar maka lambu. Don haka Traudl ba ta taɓa zubar da gashi ba. Kowace Asabar da yamma takan share ɗakin, ta ɗura a jakunkunan takarda na gidan burodi, ta jera a bakin ƙofa, duk mai lambu ya zo ya ɗauka. Takan ce rabin kawunan ƙauyen nan suna ƙarƙashin kabeji. Gashin Fada yana gadin albasar matar maƙeri, na shugaban ƙauye yana ƙarƙashin dankali, inda a cewarta ya fi yi wa jama'a amfani. Egon, wanda kansa ya washe tun da sauran ƙuruciyarsa, shi ya fi kowa zuwa ɗauka.

"Kai dai kullum karɓa," takan ce masa. "Yaushe za ka kawo taka gudummawar?"

"Ai ni na riga kowa, Traudl. Gaba ɗaya na bayar."

"Da ka kwanta a lambun da rana tsaka ma ya isa. In suka ga wannan hasken, da kansu za su yi hijira."

Ko gashin yana aiki? Wata shekara ɓerayen su ragu, a ce gashi ne. Wata shekara su ƙaru, a ce ruwan sama ne ya wanke warin. Ba wanda ya taɓa tonawa ya duba.

Nata gashin kuwa ba ta bari almakashi ya kusance shi ba. Ta yi furfura da wuri, fari tas kamar saƙar auduga, tana naɗe shi a ƙeya kowace safiya kafin ta buɗe ƙofa. Mutanen ƙauyen naɗin kawai suka sani. Meinrad kaɗai ya san cewa in ta kwance shi yana sauka har ƙugu.

Bara waccan, da kaka, likitoci suka ce ciwon daji ne. Aka fara magani, gashin ya fara kwana a kan matashin kai. Wata safiya ta shiga ɗakin gaba, ta zauna a kujerar da ba ta taɓa zama a kai ba, ta ɗaura wa kanta mayafin aski a wuya, ta miƙa masa almakashi.

"Ban iya ba, Traudl."

"Duk shekarun nan me kake kallo? Katako ma ka iya yanka shi a miƙe. Riƙe nan. Ba nan ba, kai, nan."

"Ki bari Heike ta zo ranar Lahadi ta yi miki."

"'Yarka kuka za ta yi ta jiƙa mini wuya. Yanka. In ka haɗa da kunne mun yi canjaras."

Ya yanka. Bai ji ƙarar almakashin ba, a yatsunsa ya ji ta, irin yadda mutum ke jin igiya na tsinkewa. Ita ta tattara da hannunta, ta zuba a jakar gidan burodi, ta ninke bakin.

"Wannan ba na bakin ƙofa ba ne," ta ce. "Na lambunmu ne. In suka matsa wa itacena, ka ba su, su san uwar gida tana nan."

Itacen nata yana da nasa labarin. A gidan mahaifinta akwai wata tsohuwar tuffa da ba wanda ya san sunan irinta, 'ya'yanta ƙanana, masu tsami da kaka, masu zaƙi in sun kwanta a rumbu har Kirsimeti. An sayar da gidan, masu saye suka ce za su sare ta su yi garejin mota. Kafin su sare, Traudl ta je ta yanko reshe, ta yi masa aure da wani ɗan dashe, da askarta ta aski. Auren ya kama. A kakar da ta kwanta ciwo ne lokacin dasa shi a lambu ya yi. A ƙa'ida ana sa saiwar cikin kwandon waya, don haƙorin ɓera. Meinrad ya je kanti aka ce wayar ta ƙare sai sati mai zuwa.

"Ba ni da sati mai zuwa da zan ba ka aro," ta ce. "Tona."

Suka dasa haka nan, ita ta riƙe, shi ya rufe. Ta rasu a watan Fabrairu, kafin itacen ya buɗe ganyensa na farko a lambun.

Meinrad ya rufe ɗakin gaba, ya sa jakar a aljihun teburin da ke ƙarƙashin madubi. Bara bai taɓa ta ba, ɓerayen kaɗan ne, tarko ya isa. Wani lokaci dai, in gidan ya yi masa faɗi, yakan shiga ya buɗe bakin jakar ya sunkuya. Ƙanshin sabulunta yana nan, yana raguwa a hankali.

Bana hunturu bai yi tsanani ba, ɓerayen suka fito da yawa. Ya goge tarkunansa da ƙasa don kashe warin hannu, ya sa musu karas, ya kama sakarkarun ciki. Amma akwai ɗaya, wadda ta nufi itacen, da ta fi ƙarfin tarko. Kullum sai ta cika shi da ƙasa ta yi sabuwar hanya ta gefensa. Ya binne kwalabe bakinsu a sama don iska ta riƙa busawa ta tsorata ta. Shi bai ji busar ba, Egon ya ce shi ta hana barcin rana. Ya cusa tafarnuwa, da safe ya tarar an turo masa ita waje. Ya cusa tsumma mai warin kifi, shi ma aka turo. Kowace safiya tsinken shaidar yana ƙara matsowa.

Ranar da sandar ƙarfen ta zurma a gindin itacen, inda ko tafin hannu bai raba su ba, Meinrad ya daɗe a tsaye. Sa'an nan ya shiga ɗakin gaba.

Kaɗan ya ɗiba a karon farko, abin da yatsu za su tsinta. Ya cusa a ramin da hannunsa, bai sa safar hannu ba. Washegari ya tarar an toshe ramin, amma ba a turo gashin waje ba. Ya duba ko'ina, ko sili ɗaya babu a kan ƙasa. Tafarnuwa an turo, tsumma an turo, wannan kuwa ba a turo ba. Ya ce a ransa, tsoronsa take ji, ba ta ma iya taɓa shi ba. Rabonsa da jin sanyi a zuciya irin na ran nan tun kafin rasuwar. Har ya tsaya a gindin itacen ya ce a fili, "Ashe kin fi ni sani, Traudl."

Sai ya ƙara, ya buɗe wani ramin ta ɗaya gefen ya cusa. Kowace safiya ya ɗiba, kowace safiya ba a turo ba. Ya so ya rage ko ɗan dunƙule ya ajiye wa kansa, amma wace fuska zai kai wa Traudl in aka ce itacenta ya mutu don ya yi mata rowar gashinta? Ya kewaye gindin da shi gaba ɗaya. Ranar da jakar ta ƙare, ya zazzage ta a tafin hannu, ya ninke ta, ya mayar aljihun tebur.

Da Mayu ya kama itacen ya yi fure, 'yan kaɗan, farare masu jan baki. Bai taɓa yi ba sai bana. Meinrad ya kira Egon ya gani.

"To, sai a fara wanke tulunan giyar tuffa," in ji Egon. "Wannan amfani ai sai mun nemi 'yan ƙwadago."

Kwanaki kaɗan bayan haka furen ya zube, ganyen ya fara naɗewa. Ya ba shi ruwa safe da yamma. Wata safiya ya ga kamar ya ɗan karkata, ya kai hannu don ya miƙar da shi. Itacen ya biyo hannunsa. Ya fito daga ƙasa ba tare da wata gardama ba, kamar turken da aka kafa jiya. Babu saiwa ko ɗaya. Ƙarshensa a fiƙe yake kamar fensir, da sawun ƙananan haƙora a jere. Ya duba rassan ko akwai wanda zai yanka ya sake yi masa aure. Duk sun yanƙwane, ruwan jikinsu ya tafi. Uwarsu kuma tuni ta zama itacen wuta.

Meinrad bai taɓa zagi a lambun nan ba, ran nan ya yi. Ya ɗauko shebur ya bi hanyar waccan da ta fi ƙarfin tarko yana tonawa, ya ratsa kunyar albasa, ya ratsa latas, bai damu da abin da yake takawa ba. Hanyar ta yi ƙasa a gindin tsohuwar katanga. Ya fara tarar da rumbunta, guntayen saiwa a jere kamar an jibge itacen wuta, wasu da ɓawon tuffa a jikinsu. Ya jefar da shebur ya sa hannu. Can ciki, inda hannunsa ya nutse har gwiwa, ya taɓa wani abu mai laushi. Ya share ƙasar a hankali.

Sheƙa ce, dunƙulalliya kamar ƙaramar ƙwarya. Bayanta busasshiyar ciyawa. Cikinta fari tas. An ja kowane sili an lanƙwasa, an saƙa shi da ɗan'uwansa, an daddale shi sumul, aikin da ko mai gashin da ta gani sai ta yaba. A tsakiya 'yan jarirai ne kwance a kan juna, jajaye, tsirara, idanunsu ba su buɗe ba, kowanne bai kai guntun yatsansa ba. Ɗaya ya buɗe baki ya yi hamma, sili ɗaya ya naɗe masa ƙafa.

Ya sa bayan yatsunsa ya taɓa gefen sheƙar. Da ɗumi. Tun safiyar da ya riƙe almakashi bai ƙara jin gashin nan da ɗumi ba. A cikin jaka sanyi gare shi kamar na kowane abu da aka ajiye. Ya zauna a ƙasa, hannunsa a cikin ramin, har rana ta bar katangar. Shebur yana nan kusa da shi, sara ɗaya ya isa. Da ya tashi, sai ya je ya ɗauko wani fasasshen falen rufi, ya kifa a kai, ya mayar da ƙasa, ya daddale da tafin hannu.

Daga ran nan ya tattara tarkunan ya rataye a rumfa. Da safe yakan fita kamar yadda ya saba, amma ba sanda. Yakan durƙusa a gindin katanga ya ɗora hannu a kan ƙasa, ya jima, ya koma ya sha kofi. Dankalinsa ya fara langaɓewa, bai duba ba. Bai gaya wa kowa ba. Da wane baki mutum zai faɗi irin wannan?

Egon ya yi haƙuri na ɗan lokaci, sa'an nan ya kasa.

"Meinrad, sun ƙetaro. Jiya na ja karas, ganye kawai ya biyo ni. Ina tarkunanka?"

"Gwiwa ta hana."

"Gwiwar da nake gani kana durƙuso da ita kullum kamar mai addu'a? Ka ba ni dama in shigo da Poldi."

"A'a."

"Me ka ce?"

"Kai ma ka kurumce? Na ce a'a. Ka bar su."

Egon ya dube shi, ya dubi ramin da itacen ya bari a tsakiyar lambu. A ganinsa baƙin ciki ne ya karya tsohon, kuma mutumin da ya karye ba a tambayarsa izini kafin a taimake shi.

Ranar Talata Heike ta zo ta kai mahaifinta asibitin kunne a Ravensburg. Ta daɗe tana fama da shi a kan wannan. Aka sa masa 'yar na'ura a kowane kunne. Da ta sauke shi a ƙofar gida da la'asar ta juya, don aiki na jiranta, Meinrad ya tsaya a kan tsakuwa yana mamakin yadda take ƙara a ƙarƙashin takalmi. Wani tsuntsu yana kuka a kan rufi. Ya ji ƙarar mabuɗi a aljihunsa. Sa'an nan ya ji ƙaurin hayaƙi daga bayan gida.

Egon yana zaune a kicin, domin tun rasuwar Traudl yake da mabuɗin ƙofar baya. Ya dafa kofi, ya kawo burodi. Poldi na kwance a ƙasa, hancinsa duk laka.

"Ango ya dawo da sababbin kunnuwa! To buɗe su da kyau ka sha albishir. Mun gama da su."

Meinrad bai cire hularsa ba.

"Poldi ne gwarzon. Ko shawara bai yi ba, sai gindin katanga. Uwar ta fito za ta tsere, ya cafke ta a wuya. Ƙatuwa, ka ga ƙiba? Da saiwar Traudl ta yi ta. 'Ya'yan har sun fara gashi, da an ƙara sati da sun watsu mana a ko'ina. Wani ma ya kifa musu falen rufi, ko tun gyaran gida ya faɗa wurin, oho."

Kowace kalma ta shigo tas, ba wadda ta ɓata a hanya. Meinrad yana jin agogon bango, yana jin numfashin karen.

"Sheƙar fa?" ya ce.

"Na ƙona mana, tare da busassun rassan. Ƙuma ce fal a irin wannan. Amma tsaya ka ji abin dariya. Ka san da me 'yar banzar ta yi shimfiɗa? Da gashi! Gashin mutum! Duk shekarun nan muna cusa musu muna cewa kora ce, ashe katifa muke kai musu. Da Traudl na nan da ta sha tsiya a wurina. Kuma mai kyau, ka gani, fari tas, dogo, na ja sili ɗaya ya kai tsawon..."

Ya ware hannuwansa don ya nuna tsawon, sai suka tsaya a iska. Ya dubi ƙofar ɗakin gaba da ke rufe. Ya dubi Meinrad.

"Meinrad. Ɗan'uwa. A ina ka samo gashi bana?"

Meinrad ya miƙa hannu ya gyara kofin da ke gaban Egon, ya matsar da shi daga bakin tebur don kada ya faɗi.

"Sha kofinka," ya ce. "Yana hucewa."

"Don Allah ka zauna. Ban sani ba. Wallahi da na sani..."

"Na ji ka, Egon. Yanzu ina ji."

Ya juya, ya kauce wa karen da ke kwance a hanya, ya buɗe ƙofar baya ya fita.